Teku a Shagon Agogo

Ni mai gyaran agogo ne a Fagge,
shekara talatin ina leƙen cikin ƙarfe,
ƙafata ba ta san yashin teku ba.
Sai ga Tanimu, ƙanena, daga Ikko,
da kula a cinya, kwana guda a mota,
ya ce, “Yaya, kai ka iya da ƙananan abubuwa.
Ga amana, ga buhun gishiri.”

Ba na miya ba ne. Hansatu ta lasa ta tofar.
Na auna shi awon zinare,
cokali bayan cokali, cikin ruwan da na tace,
na girke akwatin gilashi a kan teburi
kusa da agogon bangon da mai shi bai dawo ba.
Kamu biyu ne tsawonsa.
Iyakar tekuna ke nan, a tsakiyar gari.

Dawakin teku biyu sun naɗe wutsiya a reshe,
tsaye, kamar masu jiran adaidaita.
Su ba su wahalshe ni ba.
Wahalata kifin sarewa ne, su uku,
kowanne tsinken tsintsiya mai ido,
baki kamar bututun biro,
yana ratsa ciyawa a kwance, siriri.

Ba ya cin matacce.
Na ba shi daskararre, ya kalla ya wuce.
Dole na koyi ƙyanƙyasar ƙwan jatan lande
a gorar lemo mai kumfa dare da rana.
Bayan asuba in zuƙo ’ya’yan da abin ɗiga maganin ido,
ja-ja kamar garin yaji.
Shi kuwa ya zuba wa guda ido, ya daɗe,
sannan, tak!
Sakan ɗin agogon da bai san sauri ba
ya koya wa mai gyara haƙuri.

Mudi tela ya leƙo da almakashi a hannu:
“Kifin da ba a ci, dokin da ba a hawa,
Malam Ƙasimu, ina ribar?”
Na ce, “Zauna.” Ya zauna.
Har aka kira la’asar bai motsa daga wuri.

Sai bazara ta sauko da nauyinta.
Aka ɗauke wuta, kwana biyu,
batir ya mace, famfo ya yi gum,
ruwa ya ɗumama kamar na wankan jego.
Na ruga Sabon Gari neman ƙanƙara,
na jera ta a leda bisa ruwa,
ina kaɗawa da ludayi, Hansatu na fifita.
Da gari ya waye, ɗaya na kwance a ƙasa,
ya sandare, ya yi fari.

A gidan wani tsohon agogo na sa shi,
na binne a gindin darbejiya.
Ban gaya wa Tanimu ba sai da damina ta yi nisa.

A lokacin na ga ƙwai a cikin ɗaya,
jere kamar tsakiyar jigida.
Na kira Tanimu. Ya yi dariya a waya:
“Ai namijin ne ke goyo, Yaya.”
Na yi shiru.
Shekara ashirin baya, da uwar Hansatu ta rasu,
a wannan shagon na goye ta da zanen uwar,
ina kwance agogo, tana barci a bayana,
’yan layi na ƙunshe dariya a hannun riga.
Ban taɓa zaton ina da ɗan’uwa ba
a ƙarƙashin ruwan gishiri.

Sun fito da daddare, kamar gashin ido,
na ƙirga ashirin da ɗaya.
Yau saura huɗu.
Hansatu ta zauna a ƙasa da tocila tana ƙirgawa,
ta ce biyar ne, ɗaya na bayan dutse.
Agogon shagon kowanne da abin da yake faɗa,
famfo na gurnani a hankali.
Na ce, “Tashi, dare ya yi.”
Ta ce, “Baba, bari.”